Zaɓen Wurin Wanka da Ninƙaya: Darasi Daga Kamazou da Gaɓar Kogin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Wanka a kogi da rafi da tafki daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Da zarar bazara ta kankama a watannin Maris da Afrilu, sai a ga yara da samari sun yi cincirindo a bakin ruwa, wasu na iyo, wasu na kurme, mata na wanki a kan duwatsu, makiyaya kuma na shayar da dabbobinsu a gefe. Ninƙaya tana sanyaya jiki, tana ƙarfafa gaɓoɓi da huhu, kuma wanda ya iya ta yana da damar tsira ranar da kwale-kwale ya kife ko ambaliya ta zo. Sai dai da wuya shekara ta zagayo ba a ji labarin ruwa ya ci wani yaro ba, balle a yi maganar cututtukan da ake kwasowa a ruwa, waɗanda ba a cika danganta su da wankan ba saboda ba nan take suke bayyana ba.

Matsalar ta game duniya. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2024, an ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Saboda girman irin wannan asara, tun daga 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan lamarin.

Manufar wannan babi ita ce a nuna cewa ido kaɗai ba ya iya tantance ruwan da ya dace a shiga, kuma zaɓen wurin wanka aiki ne da ake kammalawa a kan gaɓa, tun ƙafa ba ta jiƙe ba. Za a ɗauki unguwar Kamazou ta birnin Kaduna a matsayin misali, daga nan a leƙa bakin teku da wuraren ninƙaya na zamani. Bayanin ya shafi mai koyon aikin malanta kai tsaye, domin gobe shi zai jagoranci yara zuwa yawon buɗe ido, kuma shi iyaye za su tambaya idan wani abu ya faru.

2.0 Kamazou da Ruwayen da ke Kewaye da Ita

Kamazou unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a yankin da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suka daɗe suna zaune suna noma. Tana kusa da unguwanni irin su Narayi da Sabon Tasha da Mahuta da Karji. Ta bunƙasa ƙwarai bayan da aka gina sabuwar gada a kan kogin tare da hanyar da aka sanya wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya rasu a shekarar 2012. Yawancin mazauna irin waɗannan sababbin unguwanni baƙi ne da suka zo daga wurare daban-daban, ba su gaji sanin halin ruwayen yankin ba kamar yadda mutanen ƙauyukan asali suka gada.

Ana iya kasa ruwayen da yaron Kamazou zai iya shiga zuwa gida huɗu. Na farko shi ne Kogin Kaduna kansa, mai tsawon kimanin kilomita 550, wanda ya taso daga tsaunukan Filato kusa da Jos, ya ratsa birnin Kaduna, ya bi ta madatsun Shiroro da Zungeru a Jihar Neja, ya faɗa Kogin Kwara kusa da Pategi. An fi yarda cewa sunansa ya samo asali ne daga kalmar "kadduna", wato jam'in kada. Na biyu su ne rafuka da ƙoramu da ke ratsa unguwanni da gonaki, waɗanda Rafin Romi yake cikin manyansu a kudancin birnin. Na uku su ne kududdufai, wato ramukan da aka haƙi jar ƙasa ko yashi ko dutse domin gini da aikin hanya, ruwan damina ya cika su. Na huɗu su ne wuraren ninƙaya na zamani, wato ginannun kwamaye da ake samu a otal-otal da wuraren shaƙatawa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da nasa irin haɗarin.

3.0 Tambayoyi Biyar Kafin Shiga Ruwa

Malaman fiƙihu sun daɗe da koyar da cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi. Wannan ma'auni yana da amfani ga mai neman wurin wanka, domin ruwan da ya yi kore ko baƙi, ko yake wari, ko aka ga kumfa ko maiƙo ko matattun kifaye a kansa, ya riga ya faɗi halinsa. Amma ƙwayoyin cuta ba su da launi, rami a ƙarƙashin ruwa kuma ba ya wari. Ruwa yakan yi garau alhali kallon kitse ake yi wa rogo. Don haka ana bukatar ƙarin tambayoyi guda biyar.

3.1 Daga Ina Ruwan Ya Fito?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ke cikin kogi wani ne ya zuba shi daga sama, wato daga ɓangaren da ruwan ke gangarowa. Kogin Kaduna yana shiga birnin ne daga arewa maso gabas, ya bi ta gefen Malali da Unguwar Rimi da Kabala, ya wuce Barnawa da Kakuri da Nasarawa, ya fita ta kudu maso yamma. Gwargwadon yadda yake nisa cikin gari, gwargwadon yadda yake ƙara ɗaukar ruwan lambatu da shara da jinin mayanka da bahayar mutane da dabbobi.

Tun daga shekarar 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, yankin ya zama cibiyar masana'antu, kuma magudanan Kakuri da Makera sun yi shekaru suna kai ruwan rini da sinadarai cikin kogin. Yawancin masaƙun sun rufe a shekarun 2000, amma sinadarai masu nauyi irin su dalma sukan kwanta a cikin laka su daɗe ba su gushe ba. Haka kuma Rafin Romi ne ke ɗaukar ruwan da ke fitowa daga yankin matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a shekarar 1980. Ɓangaren kogin da ke kusa da Kamazou yana sama da Kakuri, saboda haka ruwan masana'antun can ba ya komowa gare shi, amma yana ƙasa da magudanan unguwannin arewacin birni.

Abin da ya kamata mai neman wurin wanka ya yi shi ne ya taka a kan gaɓa zuwa sama, ya duba ko akwai bakin lambatu, ko juji, ko mayanka, ko gidan kaji, ko wurin wankin mota da babur, ko gonar rani da ake yi wa feshin magani. In ya ga ɗaya daga cikinsu, wurin ya fita daga lissafi. Mai iyo ba ya rasa haɗiye ruwa ko da kaɗan ne, kuma ta wannan hanya ake kamuwa da gudawa da atuni da taifot da kwalara. A annobar kwalara ta shekarar 2021 kaɗai, an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Gurɓataccen ruwa kuma yana jawo ciwon ido da ciwon kunne da ƙuraje.

3.2 Me ke Zaune a Cikin Ruwan?

Kada da dorina da maciji su ne ke fara zuwa a ran mutum, amma abin da ya fi su yawan ɓarna a ruwayenmu wata 'yar ƙaramar katantanwa ce da ba ta wuce kan yatsa ba. Ita ce ke rainon tsutsar da ke haddasa tsargiya, wato fitsarin jini. Wani likita Bajamushe mai suna Tiyodo Bilhaz ne ya gano tsutsar a birnin Alƙahira a shekarar 1851. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 fiye da mutum miliyan 250 ne ke bukatar maganin wannan cuta, kimanin kashi 90 cikin 100 a Afirka, kuma Nijeriya na sahun gaba.

Ga yadda cutar ke zagayawa. Mai tsargiya yakan yi fitsari ko bahaya a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin katantanwa su hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai dubban ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani su fito su bazu a ruwa. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke huda jiki su shiga cikin 'yan mintoci. A cikin jijiyoyin jini suke girma su zauna shekaru suna zuba ƙwai. Bayan kimanin wata uku sai a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. In aka yi sakaci, cutar takan jawo ƙarancin jini da rashin kuzari a aji, ta lalata mafitsara da ƙoda, ta taɓa mahaifar mace, har takan kai ga ciwon daji na mafitsara. Wani nau'inta kuma hanji da hanta yake kamawa. Tunanin da ake yi a wasu wurare cewa fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji ce kuskure ne da ya daɗe yana hana kai yara asibiti.

Katantanwar ta fi son ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali, mai ciyayi da bado da kainuwa a gefe. Wannan ita ce siffar kududdufai da gefen madatsun ruwa da hanyoyin ban ruwa na noman rani da guntayen tafkunan da kogi ke bari idan ya janye. Tsutsar ba ta rayuwa a ruwan gishiri na teku, ko a ruwan da aka sanya wa sinadarin kilorin yadda ya kamata. Haka nan ruwan da aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu cur ya kuɓuta daga gare ta, domin ba ta wuce haka a raye in ba ta sami jikin mutum ba. Maganin cutar shi ne firazikwantel, wanda ake raba wa yara 'yan makaranta gwargwadon tsawonsu. Sai dai maganin ba ya hana sake kamuwa. Hanin da addini ya yi ga yin bawali a ruwan da ke tsaye, in da za a kiyaye shi, da ya katse wannan zagaye daga tushe.

3.3 Yaya Ƙasan Ruwan da Gudunsa Suke?

Wurin da ya dace da wanka shi ne mai ƙasa ta yashi, wanda zurfinsa ke ƙaruwa sannu a hankali, kuma akwai hanyar fita mai sauƙi. Ƙasan Kogin Kaduna ba ta zama a siffa guda. Ambaliyar kowace shekara tana kwashe yashi daga nan ta tara shi can, masu ɗiban yashi kuma suna barin ramuka masu zurfi. Inda ruwa ya tsaya wa yaro a ƙugu bara, bana yana iya shanye babban mutum. A inda kogi ya yi kwana, ɓangaren waje ya fi zurfi da gudu. A gindin ginshiƙan gada da bayan manyan duwatsu ruwa yakan yi juyi ya ja mutum ƙasa. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana iya kayar da ƙato.

Kududdufin da aka fasa dutse ko aka haƙi ƙasa ya fi kowane wuri yaudara, domin samansa a kwance yake lumui, amma bangonsa a tsaye yake kuma da santsi, ta yadda wanda ya gaji ba shi da abin kamawa. Ƙasansa kuma yakan tara fasassun kwalabe da ƙarafa da laka mai riƙe ƙafa. Tsalle da ka cikin ruwan da ba a san zurfinsa ba yana karya wuya, ya bar mutum a kwance iya rayuwarsa.

Wannan gargaɗi ya shafi wuraren da makarantu suka fi kai ɗalibai, irin su magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, da ta Gurara a Jihar Neja, da madatsun ruwa irin su Kangimi a Ƙaramar Hukumar Igabi da Tiga a Jihar Kano. A gindin magangara ruwa yana birkicewa ya mayar da mutum inda yake zubowa, duwatsun gefe kuma gansakuka ta lulluɓe su. A ƙasan madatsa kuwa, ana iya sako ruwa kogi ya cika cikin ɗan lokaci.

3.4 Wane Lokaci Ne?

Wuri ɗaya yana iya dacewa yau gobe ya zama tarko. Kogin Kaduna ya fi cika a watannin Agusta da Satumba, kuma a irin wannan lokaci ne ya yi mummunar ambaliya a shekarun 2003 da 2012, ya cinye gidajen da ke gaɓarsa. A tsakiyar damina ba a wanka a kogin sam. Ya kamata a lura cewa ruwan da aka tafka a Filato ko a ƙasar Lere yana iya ƙara wa kogin ƙarfi a Kaduna alhali sama tana garau. Idan aka ga ruwa ya fara ja, yana ɗauko kara da itace, to a fita nan take.

Ruwan sama na farko-farkon damina shi ne ke wanke dattin da ya taru a lambatu tun kaka ya zuba a rafuka. Saboda haka ne hukumomin lafiya a ƙasashe da dama ke ba da shawarar a dakata kwana 2 zuwa 3 bayan ruwa mai ƙarfi kafin a shiga kogi ko bakin teku da ke kusa da gari. Rani kuma yana da tasa matsalar, domin ruwa ya ragu amma ƙazantar da ake zubawa ba ta ragu ba, don haka ta fi kauri. Tsutsar tsargiya ta fi fitowa da tsakar rana, daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da yara suka fi son shiga ruwa. Ba a wanka da dare ko da magariba, kuma da an ji tsawa sai a bar ruwa, domin aradu ta fi samun wanda kansa ne kaɗai ya ɗago a fili. A ƙara kula a ranakun Salla da Kirsimeti da ƙarshen jarrabawa, lokacin da cunkoso da zumuɗi kan sa waɗanda ba su iya ruwa ba su bi sahun abokansu.

3.5 Wa Ya San Wurin, Wa ke Lura?

A tsarin gargajiya kowane babban ruwa yana da mai kula da shi. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934, ba mai faɗawa Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Masunta da masu fito da kwale-kwale da masu ɗiban yashi sun san inda gurbi yake da inda ruwa ke juyi, kuma matambayi ba ya ɓata. Idan dattawan wuri suka ce kada a shiga wani gurbi saboda yana da iskoki, bai kamata mai ilimin zamani ya yi dariya ya wuce ba. Sau da yawa irin wannan wuri an taɓa rasa rayuka a cikinsa, hanin kuwa shi ne allon gargaɗin mutanen da.

Ba a shiga ruwa mutum ɗaya, ko da gwani ne, domin ruwa kan ci gwani. Dole a sami babba a kan gaɓa wanda ba shi da wani aiki sai kallon masu wanka. Mai nutsewa ba ya iya ihu, saboda bakinsa na neman iska ne kawai, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa. Mai farfaɗiya ba ya shiga ruwa sai da mai tsaronsa a kusa, wanda ya sha abin maye kuwa ba ya shiga ko kaɗan.

4.0 Yadda Ake Auna Tsabtar Ruwan Wanka a Duniya

Tambayoyin da suka gabata kowa na iya yin su ba tare da na'ura ba. Hukumomi kuwa suna ƙarawa da gwaji. Ana ɗiban ruwa a kai ɗakin bincike a ƙidaya wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a hanjin mutum da dabba, domin yawansu shi ke nuna yawan bahayar da ta shiga ruwan. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003, ta kuma sabunta a 2021, an kasa ruwan wanka aji huɗu bisa yawan ƙwayar da ake kira entarokokai a cikin mililita 100: aji na farko bai wuce 40 ba, na biyu daga 41 zuwa 200, na uku daga 201 zuwa 500, na huɗu kuma abin da ya haura 500. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita a lokuta daban-daban, an kuma haɗa da binciken abin da ke zuba a ruwan daga sama.

Akwai kuma tsarin Shuɗiyar Tuta, wanda ya faro a Faransa a 1985, ya bazu a Turai daga 1987, Afirka ta Kudu kuma ta shiga a 2001. Ana ba bakin ruwa wannan tuta ne na shekara guda kawai, idan ruwansa ya ci gwaji, yana da masu ceto ko kayan ceto da makewayi da allon bayani. Misalin tsibirin Borakai na ƙasar Filifin ya isa ishara. Wuri ne mai farin yashi da ruwa garau da masu yawon shaƙatawa ke tururuwa zuwa daga ko'ina, amma a shekarar 2018 gwamnati ta rufe shi tsawon wata shida saboda gine-gine da dama suna zuba ƙazanta kai tsaye cikin teku. Kyan wuri da tsadar otal ba su ne shaidar tsabtar ruwa ba.

5.0 Idan Aka Je Bakin Teku

Karatu da fatauci da aikin yi wa ƙasa hidima suna kai 'yan Arewa Legas da Kwatano da Lome da Akra, wasu har Zanzibar da Mombasa. Wanda ya koyi iyo a kogi bai san teku ba tukuna. Gaɓar Afirka ta Yamma ta shahara da igiyar ruwa mai ƙarfi, kuma babban haɗarinta shi ne wata siririyar hanya da ruwan da igiya ta turo gaɓa ke bi ya koma cikin teku da gudu. Gudun wannan jan ruwa yakan kai mita 2 a daƙiƙa guda, abin da ya fi ƙarfin kowane gwani. Abin mamaki shi ne wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, kamar wata kafa tsakanin igiyoyi, launinsa ya ɗan fi duhu, ana ganin kumfa da tarkace suna tafiya ciki. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke kashewa. Sai ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga hanyar.

A bakin tekun da ake kula da shi, tsakanin tutoci biyu masu ja da rawaya shi ne inda masu ceto ke sa ido, jar tuta kuwa tana nufin kada a shiga. Teku yana cika yana janyewa kusan sau biyu a kowace rana, saboda haka a tambayi lokacinsa. A nisanci bakin kogi da bakin magudana da tashar jiragen ruwa, domin nan ƙazantar gari ke fita.

6.0 Wurin Ninƙaya na Zamani

Ga mazauna Kamazou da sauran unguwannin birni, kwamin ninƙaya da ake kula da shi ya fi kogi da kududdufi aminci nesa ba kusa ba, kuma nan ya kamata a koya wa yara iyo. Amma shi ma sai an duba. Ma'auni na farko shi ne a iya hango ƙasansa sarai a ɓangare mafi zurfi, domin ruwan da ya yi duhu yana ɓoye wanda ya nutse. A duba ko an rubuta zurfin kowane ɓangare, ko injin tace ruwa yana aiki, ko akwai mai ceto a zaune. Ana so kilorin ya kai aƙalla miligiram 1 a kowace lita, kuma mai kula da wurin ya riƙa aunawa kullum. Ƙarfin warin sinadari ba alamar tsabta ba ne, yakan fito ne idan kilorin ya gauraya da gumi da fitsari. A yi wanka da sabulu kafin a shiga, mai gudawa kuma ya haƙura sai ya warke sarai.

7.0 Idan Haɗari Ya Auku

Sau da yawa ruwa yakan ci mutum biyu ko uku a lokaci guda, saboda na biyu ya faɗa ceton na farko, shi kuwa mai nutsewa duk abin da ya kama ba ya saki. Wanda bai koyi ceto ba sai ya yi kururuwar neman taimako, ya kwanta a gaɓa ya miƙa doguwar sanda ko zane, ko ya jefa igiya ko gora ko jarkar da ba komai a ciki an rufe bakinta. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a fara hura masa iska baki da baki, daga nan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hura iska sau 2, har ya farfaɗo ko taimako ya iso. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, saboda haka ɓata lokaci wajen danna ciki ko juya mutum ƙafa a sama don ya amayar da ruwa kuskure ne. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, Ƙungiyar Agaji ta Red Cross kuma tana koyar da wannan aiki a aikace.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tsabta da amincin wurin wanka sun dogara ne a kan mafarin ruwan, da abin da ke zaune cikinsa, da yanayin ƙasansa, da lokacin shiga, da kuma samun mai lura. Idan aka auna ruwayen Kamazou da wannan ma'auni, kududdufai ba wurin wanka ba ne a kowane lokaci, kogi a cikin birni da rafukan unguwa ba su cika sharuɗɗan ba, abin da ya rage shi ne kwamin da ake kula da shi. Hana yara ruwa da bulala kaɗai ba ya aiki, domin za su je a ɓoye inda ba mai ganinsu. Abin da ya fi shi ne a bayyana musu dalili, a kuma samar musu wurin koyon iyo.

Malamin da zai kai ɗalibai bakin ruwa ya fara zuwa shi kaɗai ya ga wurin, ya tambayi mutanen gari, ya nemi izinin iyaye a rubuce, ya san waɗanda suka iya iyo da masu larura, ya tanadi igiya da abin jefawa, ya ƙidaya yara kafin da bayan ziyara. Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma Hausawan da suka faɗi haka su ne kuma suka ce taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, amma ta hanyar tace ruwan sha da faɗakarwa ƙauye-ƙauye, a shekarar 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Malaman makaranta na cikin waɗanda suka isar da wancan saƙo, kuma su ne suka fi dacewa su isar da wannan.

Tambayoyin Bita

1. Kawo nau'o'in ruwaye huɗu da ake samu a kewayen Kamazou, tare da haɗarin kowane.
2. Bayyana yadda cutar tsargiya ke zagayawa tsakanin mutum da katantanwa.
3. Me ya sa ake dakatawa kwana 2 zuwa 3 bayan ruwan sama mai ƙarfi kafin a shiga kogi?
4. Zaɓi wani wurin wanka a garinku, ka auna shi da tambayoyi biyar na wannan babi, ka rubuta rahoto mai shafi biyu.